Ɗaukar soja: a duba tiyar kafin a auna hatsin

Duk lokacin da aka ba da sanarwar ɗaukar sababbin sojoji a rediyo, garin Maraɗi yakan canza kama cikin ƴan kwanaki. Tun kafin a fito daga sallar asuba za ka ga samari suna gudu a bakin kwalta domin ƙirjinsu ya saba, masu shagunan fotokofi kuma ba sa samun sukunin cin abinci saboda masu haɗa dosiye, kowa riƙe da takardar haihuwa da ta shaidar zama ɗan ƙasa da ƴan hotunansa. Idan ranar ta zo, babu abin da ba a aunawa a jikin yaro, daga tsawonsa da nauyinsa har idonsa da haƙoransa da jininsa, da lokacin da zai ɗauka kafin ya gama gudun da aka yanka masa. Wannan duka daidai ne, domin bindiga ba abin da ake miƙa wa kowa ba ce. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mutumin da ke zaune bayan tebur riƙe da rajista, wanda da sa hannunsa ne yaro zai hau motar bariki ko ya koma gida. Shi da wane ma'auni aka auna shi kafin a ba shi wannan kujera? A kasuwar hatsi, macen da ta san ciniki takan dubi tiyar da za a auna mata da ita kafin ta dubi geron, domin ta san tiyar da aka bubbuga gindinta ya shige ciki tana cin mai saye komai kyan hatsin.

Tambayar ta ƙara nauyi a shekarun nan saboda yawan mutanen da ake son ɗauka. Bayan harin Inates na watan Disamban 2019, inda aka rasa sojoji 71, da na Cinagodar a watan Janairun 2020, inda aka rasa 89, ministan tsaron Nijar na lokacin, Isufu Katambe, ya shaida wa majalisar dokoki cewa za a ninka rundunar ƙasa daga mutum dubu 25 zuwa dubu 50 cikin shekara biyar. Mu a jihar Maraɗi ba sai an karanta mana dalilin a jarida ba, domin mutanen karkarar Madarunfa da Gidan Runji sun san abin da ɓarayin shanu da masu satar mutane suka yi musu a bakin iyaka, kuma sunan Farautar Bushiya, farmakin da sojoji suka ƙaddamar a kansu, ba baƙo ba ne a kunnenmu. Rundunar da za a ninka kuwa ta ƙofa ɗaya za ta shigo, ƙofar da ke hannun wasu ƴan jami'ai ƙalilan. Idan hukuncinsu ya yi kyau, ƙasa za ta ci moriyarsa shekara ashirin ko talatin, idan ya ɓaci kuma za ta ɗauki nauyinsa na tsawon wannan lokaci, da albashi da makami da komai.

Amurka tana cikin ƙasashen da suka fi zuba kuɗi da bincike a kan wannan magana, kuma akwai abin koyo a inda ta dace da inda ta yi tuntuɓe. Tun a 1917, lokacin yaƙin duniya na farko, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Robert Yerkes ya jagoranci tsara jarrabawar basira ga kurata, iri ɗaya ga masu karatu, wata ta hotuna ga waɗanda ba su iya karatu ko Ingilishi ba, aka yi wa mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi. Amma maganar auna masu ɗaukar kuratan su kansu ba ta zama dole ba sai bayan 1973, shekarar da aka daina tilasta wa matasa shiga soja. Daga nan sojan da aka tura ofishin ɗauka ya koma kamar ɗan talla: yana zagaya makarantun sakandare, yana buga waya gida gida, yana lallashin iyaye, kuma a ƙarshen kowane wata ana ƙirga masa mutum nawa ya kawo. Da yawa daga cikin waɗanda aka tura jarumai ne a fagen daga amma ba su iya wannan aiki ba, sai a cire su bayan an kashe kuɗin horar da su da kwashe iyalinsu zuwa wani gari. Wannan asara ce ta sa rundunar sama ta Amurka, a ƙarshen shekarun 1990, ta gwada wata jarrabawar halayya ta masanin nan Reuven Bar-On, aka ga cewa waɗanda suka fi cika adadinsu sun fi samun maki wajen iya tsayawa a kan magana, da fahimtar abin da ke ran wani, da sakin fuska, da sanin halin zuciyarsu. Masu tallar jarrabawar sun daɗe suna cewa ta rage wa rundunar asarar kusan dalar Amurka miliyan uku a shekara, kuma wannan labari ya zagaya duniya har ya zama abin da ake faɗa a kowane taron horar da ma'aikata.

Ni ban musa cewa jarrabawar ta hango wani abu ba. Abin dubawa shi ne me ta hango. Ta hango wanda zai kawo mutane da yawa, alhali ofishin bincike na majalisar dokokin Amurka, wanda ake kira GAO, ya nuna a shekarun nan ɗin cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ake ɗauka ba sa kammala wa'adin farko da suka sa hannu a kansa. A rahotonsa na 1998 ofishin ya ba da shawarar a gyara yadda ake zaɓen masu ɗauka, kuma a ɗaura ladarsu a kan yawan kuratansu da suka gama horon farko, maimakon yawan waɗanda suka sa hannu kawai. Da yaƙin Iraƙi ya yi zafi matasa suka ja baya, sai abin da ake tsoro ya fito fili. A 2005 wani ɗalibin sakandare a jihar Kolorado ya yi kamar ya bar makaranta kuma yana shan ƙwaya, ya naɗi muryar masu ɗauka suna nuna masa yadda zai samo takardar ƙarya da yadda zai tsallake gwajin fitsari. Ƙorafi ya yi yawa har rundunar ƙasa ta dakatar da ɗaukar soja a faɗin ƙasar na yini guda, ranar 20 ga watan Mayun 2005, domin a sake tuna wa jami'anta ƙa'idar aiki, kuma duk da haka ba ta cika adadin dubu 80 da ta nema a shekarar ba. Mutumin da ya nuna wa yaro hanyar takardar ƙarya zai iya kasancewa cikin waɗanda suka ci jarrabawar iya lallashi da maki mai kyau, domin ai lallashin yake yi.

Ba ma sai mun je Amurka ba kafin mu ga inda ƙirga kai yake kaiwa. A zamanin Nasara, Faransa takan yanka wa kowane sarki da hakimi adadin samarin da zai kawo, kuma a 1918 kaɗai Blaise Diagne, ɗan majalisar Faransa daga Senegal, ya tara mata fiye da mutum dubu 60 a ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka. Basaraken da ya cika adadi shi ne na kirki a idon kumandan, ba a tambayarsa wa ya kawo, saboda haka ƴaƴan bayi da marayu da marasa galihu ne suka fi tafiya, masu gata kuma aka ɓoye su. Ɗaukar dole tana cikin abubuwan da suka tayar da babban boren ƙasar Volta da Bani a 1915 da 1916. Kakanninmu sun ga wannan tsari da idonsu, kuma tsoron da wasu tsofaffin ƙauye suke yi har yau idan aka ce ana rubuta sunayen samari yana da asali.

Sai dai halin da muke ciki yanzu ya sha bamban da na Amurka ta wata fuska da ya kamata duk mai son kwaso jarrabawarsu ya tsaya ya duba. Can an yi shekarun da matasa ake nema ba a samu, har a 2022 rundunar ƙasarsu ta nemi dubu 60 ta samu wajen dubu 45. Nan kuwa gurbi ne ba ya isa. Kowa ya tuna ranar 19 ga watan Agustan 2023, lokacin da dubban matasa suka cika filin wasa na Seini Kunce a Yamai domin a rubuta sunansu cikin masu sa kai don kare ƙasa, har masu shirya abin suka kasa ci gaba saboda yawan jama'a. A jihar Maraɗi, wadda ƙidayar 2012 ta ba ta mutum fiye da miliyan uku da dubu ɗari huɗu, mafi yawansu yara da matasa, gonaki kuma suna ta tsukewa a hannun magada, kakin soja albashi ne da mutunci da hanyar aure. Jami'inmu ba ya buƙatar ya lallashi kowa. Aikinsa tankaɗe ne, kuma abin da zai gwada shi shi ne matsin da ke zuwa masa ta ƙofar gida bayan sallar isha'i.

Wani tsohon soja maƙwabcina, wanda ya taɓa zama cikin irin wannan kwamiti kafin ya yi ritaya, ya ba ni labarin da ban manta ba. Ya ce masu zuwa da ambulan ba su taɓa ba shi wahala ba, domin korarsu tana da sauƙi kuma mutum yakan ji daɗin kansa bayan ya kore su. Wadda ta hana shi barci ita ce ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goya shi, da ta taso daga ƙauye da jikanta mai ciwon ƙirji ta zauna a tabarmarsa ta ce: «Ɗana, ban taɓa roƙonka komai ba tun da ka sa kaki. Ga ɗanka nan, ubansa ya rasu, in ba kai ba wa gare shi?» Ya ce ya sunkuyar da kai ya amsa mata: «Gwaggo, ki yi mini aikin gafara, in na sa shi a motar nan gawarsa za a kawo miki tun daga wurin horo.» Ta tashi ba ta sha ruwan gidansa ba, kuma sai da aka shekara biyu kafin ta sake amsa gaisuwarsa. Wannan hali, na iya cewa a'a ga wanda kake jin kunya ba tare da ka wulaƙanta shi ba, shi ne jigon aikin a ƙasarmu, kuma jarrabawar da aka tsara domin gano ɗan talla mai zaƙin baki ba shi take nema ba. Tana ma iya fifita wanda ba ya son ɓata wa kowa.

To ko akwai jarrabawar da za ta iya gano irin maƙwabcin nan nawa tun kafin a ba shi aikin? Wasu za su ce babu, su kawo karin maganar da ke cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, wato babban hafsa ya san yaransa, a bar shi ya zaɓa. Ina girmama idon manya, amma binciken da aka tara na shekaru masu yawa bai goyi bayan dogaro da shi kaɗai ba. A 1998 Frank Schmidt da John Hunter sun tattara sakamakon bincike na shekara 85 a kan hanyoyin zaɓen ma'aikata, suka nuna cewa ganawar da aka tsara, wadda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a ba da maki bisa ƙa'idar da aka rubuta tun da farko, ta fi hirar da mai tambaya yake bin ransa, kuma sa mutum ya yi samfurin aikin a gaban masu dubawa yana cikin hanyoyin da suka fi hango abin da zai yi gobe. A 2022 Paul Sackett da abokan aikinsa sun sake lissafin, suka ce an zuzuta ƙarfin yawancin gwaje-gwajen, musamman na basira, amma tsararriyar ganawa ta fito a sahun gaba. Abin da na fahimta daga wannan shi ne jarrabawa mai kyau tana rage kuskure, ba ta kawar da shi. Idan ido kaɗai yana kawo baragurbi da yawa, ido da ma'auni za su kawo kaɗan, kuma a aikin da kowane baragurbi zai iya shigo da ɗaruruwa irinsa, wannan ragi ba ƙaramin abu ba ne.

Abin mamaki, Alhazan Maraɗi sun riga masanan nan sanin haka. Babu attajirin da zai damƙa wa sabon yaro mota cike da kaya zuwa Kano ko Kwatano a ranar farko don kawai ya iya magana. Zai fara aikensa da jaka biyar, ya bar canji ya yi yawa da gangan ya ga ko zai dawo da shi, ya bar shi a shago rabin yini bayan ya ƙirga kayan, ya tambayi wanda ya yi wa aiki a baya, sannan a hankali ya ƙara masa. Wannan shi ne samfurin aiki, kuma shi ne bin tarihin mutum. Idan aka juya shi zuwa bariki, sai a ba sarjan ko hafsan da ake son turawa tarin dosiye da aka cusa wasu na jabu a ciki, takardar haihuwa da aka rage wa shekaru, shaidar makaranta da aka goge suna, a ga nawa zai kama cikin awa biyu. Sai a zaunar da shi gaban wani dattijo da zai yi wasan mai neman alfarma, da Hausa ko Fulatanci ko Tamajak, masu ba da maki uku suna saurare kowa da takardarsa, a ga ko zai karye, ko zai yi tsawa, ko zai iya fita da mutuncin kowa. Sai kuma a buɗe fayil ɗinsa a ga yadda ya riƙe kuɗin abinci ko man mota ko ma'ajin kaya lokacin da aka ba shi amanarsu, domin wanda ya ci ƙaramar amana jiya ba ya buƙatar wata jarrabawa.

Inda nake da shakka sosai shi ne jarrabawar halayya ta takarda, irin wadda ake tambayar mutum ko yana faɗin gaskiya ko da za ta cuce shi, ya zaɓi e ko a'a. Wanda yake son kujerar ya san amsar da ake so, kuma mayaudari ya fi mai gaskiya saninta. Ga kuma matsalar harshe da al'ada. Jarrabawar Yerkes tana ɗauke da tambayoyi a kan sunan man girki na kanti da sunan wani ɗan wasan ƙwallon baseball na Amurka, baƙin da suka yi ƙaura zuwa ƙasar da ba su san su ba suka faɗi, aka ce ba su da basira, har wani masani mai suna Carl Brigham ya gina hujjar fifikon wasu jinsuna a kan wannan sakamako a 1923 kafin ya janye maganarsa a 1930. Jarrabawar da aka rubuta da Faransanci a wata ƙasa, aka kawo ta Maraɗi ba a sake gwada ta a kan mutanenmu ba, za ta auna yawan shekarun da mutum ya yi a lakwal ne kawai. Mu da muke ɗaukar sunkuyar da kai gaban babba a matsayin tarbiyya, takardar tana iya rubuta shi a matsayin rauni. Ko a inda aka haifi jarrabawar ma ma'auni yakan karkace ba a sani ba: daga 1976 zuwa 1980 an yi kuskure wajen lissafin makin jarrabawar shiga soja ta Amurka, wadda ake kira ASVAB, aka ɗauki dubban ɗaruruwan mutane da ba su kai matakin da aka ajiye ba, kuma sai da aka yi shekaru kafin a tabbatar da kuskuren. Ban ma kawo maganar fitar tambayoyi ba, wadda duk wanda ya taɓa zama jarrabawar neman aiki a yankin nan ya san ana yin ta.

Akwai wani abu kuma da ke ɓata lissafi, shi ne wurin da aka tura mutum. Jami'in da ya yi aiki a cikin birnin Maraɗi, inda yawancin masu nema suke da takardun da aka yi tun suna jarirai, ba daidai yake da wanda aka tura Dakwaro ko Bermo ba, inda matashi da yawa sai da ya girma aka yi masa takardar haihuwa a gaban alƙali bisa shaidar mutane. Idan aka gwada sakamakon su biyun kai tsaye, za a yaba wa na farko a kan sauƙin wurinsa, a zargi na biyu a kan wahalar nasa.

Wannan ya dawo da ni kan abin da nake ganin ya kamata a fara da shi, tun kafin a sayi kowace jarrabawa daga kowane kamfani. Ba za a san ko gwaji yana hango nasara ba sai an rubuta mece ce nasarar, an kuma ajiye lissafinta. A ganina nasarar mai ɗaukar soja a Nijar ita ce kuratan da ya sa wa hannu su gama horo a barikin Tondibiya ko duk inda aka kai su ba tare da an gano ciwon da ya kamata a gani tun farko ba, kada a kama takardar jabu a cikinsu daga baya, kada su gudu da makami, kada a kore su saboda ƙwaya ko cin zalin farar hula a shekarunsu na farko, kuma a ga ƴaƴan ƙauyen da ba su san kowa ba a cikin jerinsa daidai da yawansu a cikin masu nema. Duk wannan ana iya ƙirga shi idan fayil ɗin kowane kurtu yana ɗauke da sunan jami'in da ya karɓi dosiyensa da likitan da ya duba shi, abin da bai fi ƙarin layi biyu a rajista ba. Za a ce wannan sirrin soja ne, kuma ƙasar da ke cikin yaƙi ba ta da lokacin bincike. Sirrin ana iya kiyaye shi, domin masu lissafi ba sa buƙatar suna, lamba ta ishe su, kuma jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke nan garin da ta Abdu Mumuni a Yamai ba su rasa malaman da za su iya wannan aiki tare da hafsoshin rundunar. Maganar lokaci kuwa, shekara uku ko huɗu ake buƙata kafin a ga yadda kuratan ɗauka guda suka kasance, sannan a koma a duba makin da jami'an da suka ɗauke su suka samu a gwajin dosiye da na ganawa, a ga wane gwaji ne ya yi daidai da abin da ya faru a riƙe shi, wanda bai yi ba a watsar. Idan aka ƙara layukan biyu a ɗaukar bana, kuratan da za su ba da amsar su ne yaran da ke gudu a bakin kwalta da asubar nan.